Mai rufe wasa da lissafin ceto a gasar fantasi ta besbol

A ranar 3 ga Mayun 2012, Mariano Rivera na ƙungiyar New York Yankees yana motsa jiki kafin wasa a birnin Kansas City, yana bin ƙwallayen da 'yan uwansa ke bugowa sama, sai ya faɗi jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Da wannan faɗuwa kakar wasansa ta ƙare. Kafin gari ya waye, dubban masu buga gasar fantasi ta besbol a Amurka sun yi rububin ɗaukar David Robertson, wanda kowa ya ɗauka shi ne zai gaji kujerar. Robertson bai yi mako biyu a kanta ba shi ma ya ji rauni. Wanda ya ci gajiyar lamarin shi ne Rafael Soriano, da ya kammala kakar da ceto 42. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a kan magajin farko sun tashi a tutar babu, waɗanda suka yi haƙuri da na biyu kuma suka kwashi garaɓasa.

Wannan labari ya ƙunshi kusan duk abin da ake nufi da hasashen ceto. Ceto ƙididdiga ce da ke bin kujera, kujerar kuma koci ne ke bayar da ita, yana iya karɓe ta a kowace rana. Saboda haka mai son cin gasar fantasi ba ya tsayawa a kan tambayar wane ne gwani. Yana bin diddigin wanda ke kan kujerar yau, da yawan aikin da aka ɗora masa a makon, da wanda ke tsaye a bayansa.

Yadda wasan yake a taƙaice

Besbol wasa ne da ya fi karɓuwa a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da ƙasashen yankin Karibiyan. Babbar gasarsa ita ce MLB, mai ƙungiyoyi 30, ɗaya daga cikinsu a birnin Toronto na Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ba hutu sai jefi-jefi.

Ana raba wasa zagaye tara. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗayar tana jifa da tsaro, har sai an fitar da masu bugu uku, sannan a yi musanya. Ana samun ci idan ɗan wasa ya kewaye tashoshi uku ya dawo inda ya fara. Babu kunnen doki: idan aka kammala zagaye tara ba wanda ya yi rinjaye, sai a ci gaba da ƙarin zagaye.

Mai jifan da ya fara wasa a wannan zamani yakan yi zagaye biyar ko shida, sannan masu jifa na canji su karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire ba ya dawowa a wasan. Daga cikin 'yan canjin akwai wanda ake ajiyewa domin zagaye na tara idan ƙungiya tana gaba da ƙaramar tazara. Shi ne mai rufe wasa, wanda Amurkawa ke kira kuloza.

Ma'anar ceto da asalinsa

Wani ɗan jaridar wasanni na birnin Chicago, Jerome Holtzman, shi ne ya tsara ƙididdigar ceto. Abin da ya tunzura shi shi ne kakar 1959, lokacin da Roy Face na Pittsburgh Pirates ya samu nasara 18 da rashin nasara ɗaya tak. Holtzman ya lura cewa a wasanni da dama Face ne ya bari abokan hamayya suka farke, daga baya 'yan ƙungiyarsa suka sake ci, aka rubuta masa nasarar. Ya ga akwai buƙatar ma'aunin da zai yaba wa wanda ya riƙe rinjayen da aka damƙa masa. MLB ta amince da ceto a matsayin ƙididdiga ta hukuma a 1969, kuma ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu ta samo asali daga 1975.

Bisa ƙa'idar, ana rubuta wa mai jifa ceto idan shi ne ya kammala wasan da ƙungiyarsa ta ci, kuma ba shi aka rubuta wa nasarar ba, sannan ya cika ɗaya daga sharuɗɗa uku. Na farko, ya shigo ƙungiyarsa tana gaba da ci uku ko ƙasa da haka, ya yi jifa na aƙalla zagaye guda. Na biyu, ya shigo alhali ɗan wasan da zai iya farke tazarar yana kan tasha, ko yana riƙe da sandar bugu, ko shi ne mai bi masa. Na uku, ya yi jifa na zagaye uku na ƙarshe ko fiye, komai girman tazarar. Idan ya shigo a irin wannan yanayi ya bari aka farke, an ce ya ɓarar da ceto.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan ƙa'ida. Wasa ɗaya ba ya haifar da ceto fiye da ɗaya. Sannan wanda ya shigo da tazarar ci uku ba kowa a kan tasha, da wanda ya shigo da tazarar ci ɗaya tashoshi a cike, lada ɗaya ake rubuta musu, ko da yake aikin na biyun ya ninka na farko wahala.

Yadda aikin ya sauya

A shekarun 1970 gwanin 'yan canji yakan shigo duk lokacin da wuta ta kama, ko a zagaye na bakwai ne, ya zauna har ƙarshe. A 1974 Mike Marshall na Los Angeles Dodgers ya fito a wasanni 106, ya yi jifa na sama da zagaye 208, amma ceto 21 kawai ya samu. Rollie Fingers da Goose Gossage da Bruce Sutter duk sun saba da ceton zagaye biyu ko uku.

Sauyin ya kankama ne a Oakland a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da koci Tony La Russa ya keɓe Dennis Eckersley domin ƙarshen wasa, galibi zagaye na tara kaɗai. Eckersley ya samu ceto 45 a 1988, ya kuma samu 51 a 1992, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa. Sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya, aikin ya ragu, adadin ceto ya ƙaru. Bobby Thigpen na Chicago White Sox ya kai 57 a 1990. Francisco Rodríguez na Angels ya kafa tarihin da ke tsaye har yau da ceto 62 a 2008, cikin zagaye 68 da ɗoriya, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na aikin Marshall. Rivera ya yi ritaya a 2013 da ceto 652, Trevor Hoffman yana biye da shi da 601.

Daga wajajen 2016 al'amarin ya sake juyawa. Masu nazarin ƙididdiga a ofisoshin ƙungiyoyi sun nuna cewa lokacin da ya fi hatsari a wasa sau da yawa yakan zo a zagaye na bakwai ko na takwas. A waccan shekara Terry Francona na Cleveland ya riƙa shigo da Andrew Miller da wuri a wasannin ƙarshen kaka, dabarar da ta taimaka wa ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe. A shekarar dai, Buck Showalter na Baltimore ya bar Zack Britton a benci yana jiran damar ceto a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Toronto, har aka fitar da su a zagaye na 11 ba tare da Britton ya jefa ƙwallo ko ɗaya ba, alhali ya kammala kakar da ceto 47 cikin dama 47. Sukar da ta biyo baya ta ƙara wa kociyoyi ƙwarin gwiwar raba aikin rufe wasa tsakanin mutane da yawa. Tampa Bay Rays ta yi fice a wannan salo: a 2021 sama da masu jifa goma ne suka samu ceto a ƙungiyar.

Gasar fantasi da gurbin ceto a cikinta

Wanda ya san gasar fantasi ta Firimiyar Ingila ya riga ya san tushen abin: mutum yana zaɓen 'yan wasa na gaskiya, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Wani tsohon salo a besbol shi ne wanda marubuci Daniel Okrent da abokansa suka fara a 1980, suka raɗa masa sunan gidan cin abinci na La Rôtisserie Française da ke New York, inda suke haɗuwa. A yau ana buga shi a shafukan Yahoo da ESPN da CBS, da kuma gasa masu tsadar shiga irin su NFBC.

Babban bambanci da gasar Firimiya shi ne ɗan wasa ɗaya ba ya zama a hannun mutum biyu cikin rukuni guda. Ana raba 'yan wasa kafin kaka, ko ta hanyar zaɓe bi da bi, ko ta gwanjo, inda a al'ada kowa ke da dala 260 na lissafi domin sayen 'yan wasa 23. A tsarin da ya fi yaɗuwa ana fafatawa a fannoni goma, biyar na masu bugu, biyar na masu jifa. Na masu jifa su ne nasara, da ceto, da yawan masu bugun da aka kora da jifa, da matsakaicin cin da ake yi wa mai jifa a kowane zagaye tara, wato ERA, da matsakaicin masu bugun da yake bari su hau tasha a kowane zagaye, wato WHIP. A rukunin mutum 12, wanda ya fi kowa a fanni yana samun maki 12, na ƙarshe ya samu ɗaya.

Ke nan ceto kashi ɗaya ne bisa goma na makin gasar, kuma masu samar da shi ba su da yawa. Ko da kowace ƙungiya tana da tsayayyen mai rufe wasa, mutum 30 ne za a raba wa mahalarta 12, wato biyu da rabi ga kowa. A rukunin mutum 15, biyu-biyu ne. Tun da wasu ƙungiyoyi suna raba aikin, hajar da ke kasuwa ba ta kai haka ba. Ƙarancin kaya ga masu saye da yawa shi ne ke tsauwala farashi, shi ne kuma ke haifar da hasashe.

A ɗaya ɓangaren, mai rufe wasa yakan yi zagaye 60 zuwa 70 ne a kaka, alhali gwanin masu fara wasa yana iya ninka haka sau uku. Tasirinsa a sauran fannoni huɗu kaɗan ne. Idan aka karɓe kujerar, mafi yawan darajarsa ta tafi tare da ita.

Abin da ke kawo damar ceto

Sharaɗin farko shi ne ƙungiya ta ci wasa, na biyu kuma ta ci da ƙaramar tazara. Ƙungiyar da ke lallasa abokan karawarta da ci bakwai ko takwas ba ta samar wa mai rufe wasanta aiki. Angels ta ci wasanni 100 a 2008, da yawansu da kyar, abin da ya ba Rodríguez dama 69. Seattle Mariners ta ci 89 a 2018, Edwin Díaz ya samu ceto 57 a cikinsu.

Raunin ƙungiya ba ya hana ceto. Florida Marlins ta ci wasanni 64 kacal a kakarta ta farko a 1993, amma Bryan Harvey ya samu ceto 45, domin ƙungiya mai rauni idan za ta ci, da ƙaramar tazara take ci. Wannan ne ya sa gogaggun mahalarta ba sa raina mai rufe wasan ƙungiyar da ke ƙasan tebur, musamman da yake farashinsa yakan yi sauƙi.

Rashin ƙwarewa ma ba ya hana ceto, muddin koci bai juya baya ba. Joe Borowski na Cleveland ya fi kowa ceto a ɓangaren Amerikan Lig a 2007 da 45, duk da cewa ERA ɗinsa ya kai 5.07, adadin da ake ɗauka mummuna. Brad Lidge na Philadelphia bai ɓarar da ceto ko ɗaya ba a 2008, ya samu 41 cikin 41. A 2009 ERA ɗinsa ya haura 7, ya ɓarar da 11, amma kocinsa ya ci gaba da miƙa masa ƙwallo har ya tara 31.

Wurin wasa ma yana da tasiri. Ƙungiyar gida ce ke bugu a ƙarshe, don haka idan aka shiga zagaye na tara ana kunnen doki, babu sauran damar ceto ga mai jifanta, domin da zarar ta ci, wasa ya tashi. A irin wannan hali kociyoyi sukan shigo da mai rufe wasa ya riƙe kunnen dokin. Ya yi aiki, ya gaji, ba a rubuta masa ceto ba. Ƙungiyar baƙi kuwa tana iya samun ceto a ƙarin zagaye, kuma tun 2020 ana fara kowane ƙarin zagaye, ban da a wasannin ƙarshen kaka, da ɗan wasa a tasha ta biyu, abin da ya sa riƙe tazarar ci ɗaya ya ƙara wuya.

Nauyin aiki da ranakun hutu

Mai rufe wasa yana jifa da iya ƙarfinsa, da yawansu da gudun da ya kai mil 95 zuwa 100 a awa. Zagaye mai sauƙi yakan ci jifa 12 zuwa 18. Wanda ya rikice yana iya kaiwa 30. Al'adar kociyoyin wannan zamani ita ce su guji amfani da mutum ɗaya kwana uku a jere, su kuma ba shi hutu bayan ya fito sau uku cikin kwana huɗu, ko bayan fitowar da ta ci jifa masu yawa. Ba doka ba ce a rubuce, kuma kociyoyi sun bambanta wajen riƙo da ita, amma ta yi ƙarfin da za a iya gina hasashe a kanta.

Daga nan ne ake samun abin da za a kira ceton tsintuwa. Idan mai rufe wasa ya fito Juma'a da Asabar, mai yiwuwa ranar Lahadi mataimakinsa ne zai karɓi zagaye na tara. A rukunin da ke ba da damar sauya 'yan wasa kullum, mai lura yana ɗaukar mataimakin da safe, ya sake shi washegari. Haka lamarin yake a ranar da aka buga wasa biyu, da kuma lokacin da ƙungiya ta yi kwanaki da yawa ba hutu. Ceto uku ko huɗu da aka tsinta ta wannan hanya suna iya raba na biyar da na takwas a teburin fannin.

Ana lissafa har ɗumama hannu. Mai jifan da aka tayar sau biyu ya shirya, ba a shigo da shi ba, ya kashe ƙarfi ko da sunansa bai fito a takardar sakamako ba. Rashin aiki ma yana da nasa lissafin: idan aka yi kwana huɗu ko biyar ba dama, koci yakan shigo da mai rufe wasa ko da tazarar ta yi yawa domin kada hannu ya yi sanyi, wani lokaci kuma washegari dama ta zo ta same shi a gajiye.

Misalin da aka fi tunawa na illar yawan aiki shi ne na Aroldis Chapman a wasan ƙarshe na 2016. Koci Joe Maddon na Chicago Cubs ya sa shi ya fitar da mutum takwas a wasa na biyar, ya sake shigo da shi a na shida duk da tazara mai faɗi. A na bakwai, Rajai Davis na Cleveland ya buga masa ƙwallo waje ya farke wasan a zagaye na takwas. Cubs ta ci kofin a zagaye na goma. Wasannin ƙarshen kaka ba sa shiga lissafin fantasi, amma mahalarta sukan yi taka-tsantsan da wanda aka tatsa a Oktoba idan kaka ta zagayo.

Wasu sabbin dokoki sun shafi lissafin. Tun 2020 dole mai jifa ya fuskanci masu bugu uku ko ya kammala zagaye kafin a cire shi. Ƙungiya ba ta wuce masu jifa 13 cikin 'yan wasa 26 a mafi yawan kaka. Tun 2023 kuma akwai agogon jifa, wanda ya rage lokacin numfasawa tsakanin jifa da jifa.

Hanyoyin da kujera ke suɓucewa

Hanya ta farko ita ce rauni. Díaz ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 102 da New York Mets a ƙarshen 2022. A Maris 2023, lokacin da gasar fantasi da dama sun riga sun raba 'yan wasa, ya ji rauni a gwiwa yana murnar nasarar Puerto Rico a kan Jamhuriyar Dominika a gasar besbol ta duniya, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Félix Bautista na Baltimore ya ji rauni a gwiwar hannu a Agustan 2023 yana da ceto 33, aka yi masa tiyatar da ake kira Tommy John, ya rasa kakar 2024 baki ɗaya. Raguwar gudun jifa da mil biyu ko uku, da yawan kauce wa saiti, su ne alamun da masu lura ke fara gani kafin sanarwa ta fito.

Ta biyu ita ce faɗuwar ƙoƙari. Jim Johnson ya samu ceto 51 a 2012 da 50 a 2013 a Baltimore. Oakland ta ɗauke shi, ta kuma sauke shi daga kujerar tun a watan Afrilun 2014.

Ta uku ita ce cinikin 'yan wasa, wanda ake rufe kasuwarsa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ƙungiyar da ta fid da rai takan sayar da mai rufe wasanta ga mai neman kofi, wadda sau da yawa tana da nata. Ryan Helsley ya fi kowa ceto a 2024 da 49 a St. Louis, a Yulin 2025 aka sayar da shi ga Mets, ya koma mataimakin Díaz. Ciniki ɗaya yana rufe ƙofa a wuri, ya buɗe ta a wani: da Milwaukee ta sayar da Josh Hader ga San Diego a Agustan 2022, Devin Williams ne ya hau kujerar da ya bari. Sayen sabon ɗan wasa kafin kaka ma yana yin wannan aiki, kamar yadda zuwan Hader Houston a Janairun 2024 ya mayar da Ryan Pressly zagaye na takwas.

Ta huɗu ita ce abin da ba ya cikin fili. A Yulin 2025 MLB ta tura Emmanuel Clase na Cleveland hutu yayin binciken da ya shafi caca, bayan ya yi kaka uku a jere yana samun ceto sama da 40. A Nuwamba masu gabatar da ƙara na tarayya suka tuhume shi, ya musanta laifin. Cade Smith ne ya karɓi zagaye na tara.

Yadda ake gane magaji

Alama mafi ƙarfi ita ce wanda koci ke ba zagaye na takwas idan tazara ƙarama ce, da wanda ya rufe wasa ranar da mai kujera ke hutu. Abin da koci ya aikata ya fi abin da ya faɗa wa 'yan jarida nauyi, domin kociyoyi sukan jaddada goyon baya ga ɗan wasa kwanaki kaɗan kafin su sauke shi.

Sai ƙwarewa. Ana duba yawan masu bugun da mutum ke kora, da ƙarancin waɗanda yake bari su wuce tasha ta farko kyauta. Wanda ya haɗa waɗannan biyu yana da amfani ko bai samu kujera ba, domin yana gyara ERA da WHIP, idan kuma ya samu yakan daɗe a kai. Koji Uehara bai fara kakar 2013 a matsayin mai rufe wasan Boston ba. Sai da Joel Hanrahan da Andrew Bailey suka bar kujerar ya hau, kuma shi ne ya yi jifan ƙarshe da ya ba ƙungiyar kofin duniya a shekarar.

Akwai kuma abubuwan da ba su shafi ƙwarewa ba. Kociyoyi da yawa sun fi son na-dama a kujerar, su ajiye bahago domin manyan masu bugu bahagwai a duk zagayen da suka fito. Wanda ya taɓa riƙe kujerar a baya yakan sha gaban matashi. Albashi ma yana shiga ciki: a tsarin sasanta albashi na MLB, yawan ceto yana ɗaga kuɗin ɗan wasa. Dellin Betances na Yankees, ɗaya daga gwanayen 'yan canji na lokacinsa, ya nemi dala miliyan 5 a 2017, masu sasantawa suka tsayar masa da miliyan 3, kuma hujjar ƙungiyar ita ce shi ba mai rufe wasa ba ne. Don haka mahalarta sukan yi la'akari da cewa ƙungiya mai tsuke bakin aljihu tana da dalilin barin matashin gwani a zagaye na takwas.

Dabarun saye

Mahalarta sun kasu gida uku. Na farko suna biyan tsada tun wajen rabon 'yan wasa, su sayi ɗaya ko biyu daga cikin 'yan ƙalilan da kujerarsu ta kafu. Suna samun kwanciyar hankali, amma sun bar gwanin mai bugu ko mai fara wasa, kuma labarin Díaz na 2023 yana nuna cewa tsada ba ta hana asara.

Na biyu suna ƙin biyan tsada, su jira kaka ta fara. A rukunoni da yawa kowa yana da kasafin lissafi, dala 100 ko 1,000, domin tayin sirri a kan 'yan wasan da ba su da mai su, galibi sau ɗaya a mako. Wanda ya jira sai an sanar da sabon mai kujera zai yi gogayya da kowa, farashi ya yi sama. Wanda ya ɗauki mataimakin mako guda kafin sanarwa yana samunsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ribar hasashe tana cikin wannan tazara ta mako guda. Kuɗinta kuma gurbin benci ne, domin kowane mataimaki da aka ajiye ya tare wurin wani ɗan wasa, kuma mafi yawansu ba za su hau kujerar ba.

Na uku suna watsar da fannin gaba ɗaya, su karɓi maki ɗaya, su zuba ƙarfinsu a sauran tara. Dabarar ta fi aiki a tsarin karawar mako-mako, inda ake neman rinjaye a mafi yawan fannoni kawai. A tsarin tara maki na kaka guda kuwa, wanda ya sallama maki 11 tun ranar farko sai ya yi fice a kusan ko'ina kafin ya ci.

Teburin fannin shi ne ke nuna lokacin saye da na sayarwa. Wanda ya ba na biyu tazarar ceto 20 a watan Agusta ba ya ƙaruwa da ƙarin ceto, gara ya musanya mai rufe wasa ɗaya da abin da ya rasa. Wanda yake tsakiyar cunkoso, inda ceto biyar ke raba mutum huɗu, kowane ceto maki ne a gare shi.

Gyaran da wasu rukunoni suka yi

Saboda ƙorafin cewa fannin ceto ya dogara da ra'ayin koci fiye da ƙoƙarin ɗan wasa, rukunoni da dama sun haɗa shi da wata ƙididdiga mai suna riƙo, wadda John Dewan da Mike O'Donnell suka ƙirƙira a 1986. Ana rubuta riƙo ga wanda ya shigo a yanayin ceto, ya fitar da aƙalla mutum ɗaya, ya miƙa wa na gaba ba tare da an farke ba. Wasa ɗaya yana iya haifar da riƙo biyu ko uku. Idan aka haɗa su, masu samar da maki suna ƙaruwa sosai, farashin mai rufe wasa ya faɗi, ƙwarewa ta koma gaba da muƙami. Masu adawa da gyaran suna cewa ya cire wa gasar wani ɓangare na gwanintarta, wato karanta tunanin kociyoyi 30 har tsawon wata shida. Manyan gasa masu tsadar shiga sun ci gaba da ƙirga ceto shi kaɗai, don haka a can farashin masu rufe wasa na sahun gaba bai sauko ba.

Ga mai bibiyar gasar daga Najeriya ko Nijar, wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a New York ya yi daidai da ƙarfe 12 na dare a lokacin kaka, zagaye na tara kuma yakan zo wajen ƙarfe 2 da rabi. Na gaɓar yammacin Amurka suna ƙarewa da asuba. Takardar sakamakon kowane wasa, wadda MLB ke wallafawa a shafinta, tana nuna wanda ya yi jifa a kowane zagaye da adadin jifansa, kuma daga ita ake fitar da lissafin wanda zai huta a daren da ke tafe.